Fure ya cika gonar kokwamba amma babu 'ya'ya: namijin iri ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomin rani ne a yankin Kura ta Jihar Kano. A watan Nuwamba na shuka kokwamba da irin gwangwani mai alamar F1, ta yi 'ya'ya sosai. Na bar wasu suka nuna, na cire iri, na sake shukawa a ƙarshen Fabrairu. Yanzu yaɗo ya yi kyau, fure ya cika gona, amma zubewa kawai yake yi, 'ya'yan ba su taka kara sun karya ba. Maƙwabcina ya ce namijin iri na ajiye, kamar yadda ake samun namijin gwanda. Shin akwai namiji da mace a kokwamba? Mene ne ke sa fure ya zama namiji ko mace?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a noman. Maƙwabcinka ya lura da abu na gaskiya, amma kwatancen gwanda ne ya kauce da shi. A gwanda da dabino, jinsi na tushen bishiya ne gaba ɗaya, kuma tun daga ƙwayar iri aka gama magana, domin suna da kuromosom (zaren da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayoyin jiki) na jinsi irin X da Y, kusan yadda yake ga mutane da dabbobi. Kokwamba ba ta da wannan. Kuromosom ɗinta guda 14 ne, wato bakwai daga uwa bakwai daga uba, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da aka ware wa jinsi. A kokwamba, fure ne yake da jinsi, kuma kowane fure ana yanke masa hukuncinsa shi kaɗai, a kan gaɓar da ya fito. Tushe ɗaya yana iya ba ka namiji a wannan gaɓa, ya ba ka mace a ta gaba.

Gobe da sassafe ka shiga gonar ka ɗaga furannin ka duba ƙasansu. Wanda ka ga yana da 'yar ƙaramar kokwamba a gindinsa, tsakanin kara da rawayan ganyen fure, wannan mace ce, kuma yawanci ita kaɗai take fitowa a gaɓa. Wanda ke kan siririn kara babu komai a gindinsa, sau da yawa su uku ko biyar a wuri ɗaya, maza ne. Aikinsu su buɗe yini guda, su ba da garin fure, su faɗi. Saboda haka zubewar da kake gani, idan ta waɗannan ce, ba cuta ba ce. Abin da ya kamata mu tambaya shi ne me ya sa matan suka yi ƙaranci, kuma a nan ne maganar ta yi daɗi, domin kokwamba na cikin tsirran da masana suka fi bin diddigin wannan al'amari a jikinsu.

Abu na farko da ya ba masu bincike mamaki shi ne, duk wani tohon fure na kokwamba yana farawa ne da kayan jinsi biyu. Idan aka yanka toho tun yana ƙasa da ƙwayar gero aka sa a madubin likita, za a ga tushen sandunan da ke yin garin fure, a kuma ga tushen mahaifar da za ta zama kokwamba, duka a cikinsa. A 2004 masana a Jami'ar Peking da ke Beijin sun kasa girman tohon zuwa matakai 12, suka nuna cewa har zuwa mataki na 5 ba a bambanta namiji da mace. Daga mataki na 6 ne ake dakatar da ɗaya daga cikin sassan biyu. Idan aka tsayar da sandunan gari, fure ya zama mace. Idan aka tsayar da mahaifa, ya zama namiji. Ko a buɗaɗɗen furen mace, idan ka tsaga shi a hankali, za ka tarar da ragowar sandunan da suka tsumbure a ciki. Ka riƙe wannan, domin shi ne ginshiƙin komai: zama namiji ko mace a kokwamba aikin hanawa ne. Ana yanke wannan hukunci tun toho bai kai ido ya gan shi ba, makonni kafin ya buɗe, wanda ke nufin furen da ka gani yau sakamakon yanayin da tsiron ya shiga ne tun can baya.

Tun kafin a san mene ne ke cikin ƙwayoyin gado, masu haɗa iri sun gano su ta hanyar barbara da ƙirga. J. T. Rosa a Amurka a 1928, da Esra Galun da Oved Shifriss a 1961, da Kubicki na ƙasar Folan a 1969, su ne suka share fagen. Abin da ya fito daga aikinsu shi ne manyan ƙwayoyin gado uku, da aka sa wa haruffa F da M da A. Ana rubuta babban baƙi idan ƙwayar mai rinjaye ce, ƙarami idan wadda ake rinjaya ce, kuma kowane tsiro yana ɗauke da kwafi biyu, ɗaya daga kowane mahaifi.

Kokwambar da muka saba da ita, irin su Marketmore da Poinsett da Ashley, tana da M da A masu aiki, ba ta da F. Ita ce mai fara fitar da maza zalla a gaɓoɓin ƙasa, sannan ta gauraya, sannan mata su yawaita can gaba da kuma kan rassa. Idan tsiro ya samu F daga uwa da uba, sai ya zama kusan duk furensa mata ne tun daga gaɓoɓin farko. Idan daga ɓangare ɗaya ya samu, yana karkata ga mata amma bai tsaya da ƙafafunsa ba, zafi na iya jan shi baya. Idan M ce ta lalace a kwafi biyun, furen da ya kamata ya zama mace sai ya fito da sandunan gari da mahaifa tare, kuma 'ya'yansa kan fito gajeru masu kewaye. Akwai tsohon iri da Turawa ke kira Lemon, mai kama da lemo a siffa, haka yake. Idan kuwa A ce ta lalace a kwafi biyun kuma babu F, to shi ne tsiron da ba ya yin mace sam. Ka ga ashe akwai abin da za a iya kira namijin kokwamba, sai dai a ɗakunan bincike da rumbunan adana iri ake samunsa. Babu kamfanin da zai sa shi a gwangwani, kuma da wuya ƙwarai ya zama shi ne a gonarka.

An daɗe ana amfani da waɗannan haruffa ba a san abin da suke yi a jikin tsiro ba. Alamar farko ta zo ne daga feshi. A 1968 McMurray da Miller a Jihar Karolina ta Arewa suka fesa wa ƙananan kokwamba wani sinadari da ake kira etefon, wanda idan ya shiga jikin tsiro yake sakin iskar etilin. Tsirran da ya kamata su fara da maza sai suka jera mata. A 1976 kuma Elmo Beyer ya nuna cewa sinadarin azurfa yana toshe wa tsiro jin etilin, kuma da aka fesa shi a kan kokwamba mai furen mata zalla sai ta fitar da maza. Etilin ba baƙuwa ba ce gare ka. Ita ce iskar da nunanniyar ayaba ke fitarwa, wadda ke sa ɗanyen mangwaro ya nuna da sauri idan an rufe su tare. A jikin 'ya'yan itace aikinta nunarwa, a cikin tohon kokwamba kuwa aikinta mayar da fure mace.

Tsiro yana haɗa etilin ne daga wani amino asid, wato tubalin da ake gina furotin da shi, mai suna metiyonin. Ana juya shi zuwa wani abu da ake taƙaita sunansa SAM, daga nan zuwa ACC, daga ACC zuwa etilin. Shang Fa Yang da ɗalibinsa Douglas Adams a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ne suka gano matsayin ACC a 1979. Enzayim biyu, wato furotin masu juya wani sinadari zuwa wani, su ne ke riƙe da matakan ƙarshe: mai haɗa ACC, ana ce masa ACS, da mai mayar da ACC etilin, ana ce masa ACO. Kokwamba tana da ƙwayoyin gado da dama masu yin ACS, kowace da wurin da take aiki da lokacinta. Da aka zo aka tono asalin F da M da A ɗaya bayan ɗaya, sai aka tarar dukansu uku ACS ne. Ni har yau wannan yana burge ni. Ƙwayoyin gado uku da aka gano a ƙasashe daban, a shekaru daban, kowace da irin sauyin da take kawowa ga fure, ashe sana'arsu ɗaya ce. Bambancinsu kawai inda kowace ke sakin iskar, da kuma sa'ar da take sakin ta.

Bari mu bi su a cikin toho. M ita ce ACS2, tana kan kuromosom na 1, kuma a 2009 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Sin ɗaya a Faransa, suka tabbatar da ita. Tana kunnuwa ne a tushen mahaifa, a tohon da zai zama mace. Etilin da take samarwa ita ke tsallakawa ta tsayar da sandunan gari da ke kusa. An ga cewa a wannan lokaci DNA, wato sinadarin da gado ke rubuce a cikinsa, na ƙwayoyin da za su zama jakar gari yana lalacewa, shi ya sa ba sa ci gaba. A ɗaya daga cikin nau'o'in da M ta lalace, amino asid guda ne tak ya canza a jikin enzayim, na 33 a jeri, ƙarfinsa ya faɗi, sandunan gari suka samu sarari suka girma tare da mahaifa. Wato M ba ita ke gina mace ba. Aikinta hana namiji zama a ɗakin mace.

To wa ke hana mahaifa girma a furen namiji? Amsar ta fara fitowa ne daga shammam, ɗan'uwan kokwamba na kusa, wanda shi da gurjinmu na gargajiya nau'in tsiro ɗaya ne, ko da yake wasu kan kira kokwamba gurji. Ƙungiyar Abdelhafid Bendahmane a cibiyar binciken noma ta Faransa ta gano a 2009 wata ƙwayar gado mai suna WIP1. Ita ba ta yin etilin, tana cikin masu ba wasu ƙwayoyin gado umarni su yi aiki ko su yi shiru. Duk tohon da WIP1 ta farka a cikinsa, mahaifarsa ba ta girma, kuma tunda babu mahaifa ACS2 ba ta kunnuwa, sandunan gari su miƙe abinsu, fure ya zama namiji. A shammam mai mata zalla, wani guntun DNA mai yawo ne ya sauka kusa da WIP1 ya jawo aka rufe ta. A 2017 masana a Sin suka yi amfani da fasahar gyaran ƙwayoyin gado mai suna CRISPR suka kashe WIP1 a kokwamba da gangan, tsirran suka koma yin mata, wasu furannin na ƙasa kuma suka fito da jinsi biyu. A 2022 ƙungiyar Faransa ta ƙara gano yadda WIP1 ke wannan aiki: tana haɗa kai da wani furotin mai suna TOPLESS su danne wata ƙwayar gado, CRC, wadda ita ce ke tabbatar da ginuwar mahaifa.

Saura A. An gano ta a 2015, ita ce ACS11, kuma ita ce ta farko a layi. Tana kunnuwa a jijiyoyin da ke kai abinci ga tohon da zai zama mace, kafin a kai matakin rarrabewa. Etilin ɗinta ce ke danne WIP1. ACO2 kuma, wadda aka bayyana aikinta a 2016, ita ke ƙarasa mata aikin mayar da ACC iska, shi ya sa idan ACO2 ta lalace sakamakon ɗaya ne da lalacewar A, maza zalla.

Yanzu ka haɗa su. A tohon da ACS11 ta yi shiru, WIP1 tana farke, ta hana mahaifa, namiji ya fito. A tohon da ACS11 ta yi aiki, an kwantar da WIP1, mahaifa ta girma, ACS2 ta kunnu a cikinta ta tsayar da sandunan gari, mace ta fito. Etilin sau biyu take shiga: da fari ta buɗe wa mahaifa hanya, daga baya ta rufe wa sandunan gari. Masu binciken na Faransa sun gwada fahimtarsu ta hanya mai kyau: sun haɗa shammam da A ɗinsa ta lalace gaba ɗaya, suka bar WIP1 kaɗai tana rarrabuwa tsakanin 'ya'ya, sai ga zuriya da rabinta maza zalla rabinta mata zalla, tamkar dabino. Da ƙwayoyin gado biyu suka ƙera abin da maƙwabcinka yake zato yana gonarka.

F ce ta fi shafar aljihunka, don haka zan ɗan tsaya a kanta. Tana kan kuromosom na 6. A 1997 Tova Trebitsh da Jack Staub da Sharman O'Neill suka lura cewa kokwamba mai mata zalla tana da ƙarin kwafi na ƙwayar ACS1 wanda sauran ba su da shi, suka sa masa suna ACS1G. Bayan an karanta dukan DNA na kokwamba a 2009, aikin da Cibiyar Kimiyyar Noma ta Sin ta jagoranta, wanda ba abin mamaki ba ne tunda Sin ke noma sama da kashi 70 cikin 100 na kokwambar duniya, sai aka samu damar duba wurin da kyau. A 2015 aka nuna cewa wani yanki mai tsawon haruffan DNA kimanin 30,200 ne ya maimaitu, kwafi biyu jere da juna. A daidai mahaɗar, sabon kwafin ACS1 ya samu makunni daga wata ƙwayar gado maƙwabciya. Da wannan aron makunni yake kunnuwa da wuri a kowane toho, ba ya jiran ACS11. Kowane toho ya samu etilin, an danne WIP1 ko'ina, fure duk mata. Shi ya sa ma tsiro mai F yake yin mata ko da A ɗinsa ta lalace.

Wannan gini yana da rauni guda. Tunda kwafi biyu ne masu kama da juna a jere, wani lokaci idan kuromosom suna musayar sassa wajen yin garin fure ko ƙwai, sai jerin ya zame, kwafi ɗaya ya ɓace. Binciken da aka buga a 2020 ya nuna haka ne ke sa a samu tsiro ɗaya-ɗaya mai furen maza a cikin zuriyar da aka tace ta zama mata zalla. Masu samar da iri sun daɗe suna ganin haka suna tuge irin waɗannan tsirrai, tun kafin a san dalili.

Za ka iya tambaya, tsiron da ba ya yin namiji, ta yaya ake samun irinsa? Wannan ce matsalar da ta tsare masu haɗa iri har 1960, lokacin da C. E. Peterson na Jami'ar Jihar Mishigan ya nuna cewa fesa jibarelin, wani sinadarin girma na tsirrai, yana sa irin wannan tsiro ya fitar da maza. Da haka ya kafa zuriyar MSU 713-5, wadda ta gaji halin mata daga wani iri na Koriya mai suna Shogoin. Yau an fi amfani da sinadarin azurfa. Ana fesa wa wasu tsirran tun suna da ganye biyu ko uku, su yi maza, a ɗauki garinsu a yi wa 'yan'uwansu barbara. Garin da ya fito daga irin wannan namiji yana ɗauke da F, domin feshi ya sauya fure ne kawai, bai taɓa gado ba. Wannan aikin gonar samar da iri ne, ba na mai noma don kasuwa ba.

Mu dawo Kura. Abu biyu ne suka haɗu a kanka, kuma ina ganin kowannensu yana da hannu.

Na farko iri. Da yawa daga cikin irin F1 (wato 'ya'yan farko na auren iri biyu daban; F ɗin wannan alama ba ƙwayar gado F ba ce) ana samar da su ne ta hanyar aura uwa mai F biyu da uba marar F, 'ya'yan duka su fito da F guda. Idan naka haka yake, to irin da ka ajiye jikoki ne, kuma a jikoki gado rarrabuwa yake: kashi ɗaya cikin huɗu F biyu, rabi F guda, kashi ɗaya cikin huɗu babu F ko kaɗan. Idan akwai wata kokwamba marar F a gonakin kusa da kudan zuma ya ɗebo garinta, marasa F sun ma fi haka yawa. Ba jinsin fure kaɗai ke rarrabuwa ba, har tsawon 'ya'ya da launinsu da juriyar cuta. Idan ka lura tsirran gonarka ba su yi kai ɗaya ba, wani ya ɗauki 'ya'ya tun daga ƙasa, na kusa da shi fure kawai, to ga shaidarka nan. Wanda ke son ajiye iri, ya ajiye na Marketmore ko Poinsett da makamantansu, waɗanda ba F1 ba, ya kuma nisanta su da wata kokwamba.

Na biyu yanayi, kuma a ganina shi ya fi nauyi a wannan karon. An daɗe da tabbatar da cewa sanyi, musamman sanyin dare, da gajeren yini suna ƙara mata, zafi da dogon yini suna ƙara maza. A Kano bambancin tsawon yini tsakanin Disamba da Yuni bai kai awa biyu ba, saboda haka zafi ne babban mai juya al'amari a wurinmu. Shukar Nuwamba ta yi tohonta a cikin hunturu, dare da sanyi. Shukar ƙarshen Fabrairu kuwa tohonta ya faɗa cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana ke kaiwa digiri 40, dare ma ba ya hucewa sosai. A irin wannan zafi, tsiro marar F yana tsawaita zangon maza, mai F guda yana ja da baya, mai F biyu ne kaɗai ke iya daurewa. Ƙishirwa da cunkoson shuka da inuwa duk suna tura tsiro ɓangaren maza. Ko da irin gwangwanin ka sake saya ka shuka a wannan lokaci, da wuya ya ba ka abin da ya ba ka da hunturu.

Kafin ka kashe ko sisi, ka yi ƙirga. Zaɓi tushe 20 daga sassan gona daban-daban, ka bi babban yaɗo daga ƙasa, ka rubuta gaɓar da mace ta farko ta fito, da adadin mata a gaɓoɓi 20 na farko. A kokwamba marar F, maza kan riga mata fitowa da mako guda ko kwana goma, kuma samun maza goma ko fiye a kan kowace mace ba abin tsoro ba ne. Idan gonar ba ta daɗe da fara fure ba, wataƙila haƙuri kawai take buƙata.

Idan ƙirgar ta nuna matan ne babu, ka tsare ban ruwa kada ƙasa ta bushe ta tsage tsakanin shayarwa, ka rufe gindin da ciyawa ko buntun shinkafa don rage zafin ƙasa, ka rage tsirran da suka cushe. A nau'in da ba shi da F, rassa sun fi babban yaɗo yawan mata, don haka tsinke kan yaɗon bayan ya yi ganye shida ko bakwai yana sa rassa su fito da wuri. Etefon yana aiki, amma lokacinsa tun tsiro yana da ganye biyu zuwa huɗu ne, kuma idan ya yi yawa yana tsumburar da shuka. Ga gonar da ta riga ta cika da fure, an wuce wurin. Ba na ba ka shawarar ka fara shi a kan gona gaba ɗaya, sai dai a kunya ɗaya ko biyu a shuka ta gaba, bisa ma'aunin da ke jikin kwalba, tare da malamin gona. Kuma kada wani ya ce maka ka sa kabaid, wanda wasu masu sayar da 'ya'yan itace ke nunar da kaya da shi. Iskar da yake fitarwa asitilin ce, kuma yana ɗauke da dattin da ke cutar da mutum.

Idan kuwa ka tarar matan suna nan, amma 'yan kokwambar da ke gindinsu suna yin rawaya suna bushewa, ko suna fitowa a lanƙwashe da siririn kai, to matsalar ta barbara ce, jinsi ya yi aikinsa. Garin furen kokwamba yana da danƙo da nauyi, iska ba ta ɗaukarsa, sai kudan zuma. Furen mace yini ɗaya yake buɗewa, ya fi karɓa da safe, kuma yana buƙatar zuma ta sauka a kansa sau da yawa kafin ƙwayayen ciki su samu gari ta kowane ɓangare. Abin da na fi gani yana jawo wa manoman rani asara a nan shi ne feshin maganin ƙwari da hantsi, daidai lokacin da zuma ke kan fure. Ka mayar da feshi zuwa yamma lis, bayan fure ya rufe. Ka kuma riƙa tsinke 'ya'ya a kan kari, domin kokwamba guda da aka bari ta tsufa tana yin iri a kan yaɗo tana janye abinci, matan da ke bayanta su zube.

Sa'ad da za ka sayi iri na gaba, ka tambayi mai shago ko ka karanta jikin gwangwanin, ka san wane iri ne cikin uku. Akwai mai maza da mata a tushe ɗaya, shi ke yi wa kansa barbara da taimakon zuma. Akwai mai mata zalla da ke buƙatar barbara. Shi kamfanoni kan gauraya masa kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na iri mai yin maza, sau da yawa da rini na daban. Na taɓa ganin manomi ya zauna ya tsince waɗannan ƙwayoyi masu launi daban ya zubar, yana zaton gurɓata ce, gonarsa ta yi mata fal babu mai ba su gari. Idan ka gan su, ka shuka su a warwatse cikin sauran. Na uku shi ne mai mata zalla da ke yin 'ya'ya ba tare da barbara ba, wanda ake nomawa a rumfar leda. Wannan hali na yin 'ya'ya babu barbara gadonsa daban ne da F, haɗa su aka yi a iri ɗaya. Shi kuma ba a son zuma ta kai masa gari, domin idan ta kai, 'ya'yan kan yi iri su kumbura a gindi, su rasa kyan kasuwa. Irinsa yana da tsada, kuma ba don filin Allah aka yi shi ba.

Don shukar bazara a fili, ka nemi mai mata zalla ko mai rinjayen mata wanda aka rubuta yana jure zafi, ka gwada shi a 'yan kunyoyi gefe da wanda ka saba kafin ka cika gona da shi. Idan ka yi ƙirgar tushe 20 ɗin nan, ka aiko mini da lambobin tare da ranar da ka yi shuka da sunan irin da ke jikin gwangwanin farko, in duba maka ko rabon ɗaya, biyu, ɗaya ya bayyana a cikinsu.